Gayyar Ɗanasabe a Gonar Baba

Masu karatu, sannunku da zama. Ku yi haƙuri da ni yau, don abin da zan ba ku ni kaina ban gama gane shi ba. Wanda bai san ni ba, ni ce Marka, 'yar fari a gidan Dogo, a wata unguwar Maguzawa da ke gefen Gozaki. Wanda raina ya kwanta da shi kuwa Ɗanasabe ne, ɗan gidan Jibo na hayin rafi. A daminar 1964 abin ya faru, dawa ta kai gwiwa, kowa yana wasa garmarsa don huɗa.

A wurinmu daɗin baki ba ya ba saurayi mata. Sai ya tara abokansa ya kawo gayya gonar uban yarinya, a buga gangar noma, ya duƙa a gaban kowa a ga abin da zai iya. Ɗanasabe ya yi mana ta bara, har aka daɗe ana zancenta a kasuwa. Ta bana ita ce ta ƙarshe. In ya yi ta, da kaka a yi bikinmu.

To, tun da rani ciki ya sa shi gaba. Gudawa ce da jini da majina, ta lafa ta dawo, ta lafa ta dawo. Aka ce atuni ne, aka jiƙa masa saiwoyi iri-iri, ya sha har ya gaji. Mutumin da in ya tsaya a ƙofar zaurenmu sai ya toshe ta, ya koma sai wuya da idanu. Kowa a gidanmu ya gani, amma ba wanda ya ce uffan, don zancen bayan gidan mai neman aure ba ya shiga gidan surukai. Sai dai ƙannen Baba suka fara gunaguni in an zauna shan giya, wai ɗiya kamar Marka za a ba wanda iska ke kayarwa? Suna yi suna jefo sunan Sabo, mai shanun huɗa da sabon keke. Sabo bai taɓa yi mini laifin komai ba. Kawai dai in yana magana hamma nake yi.

Ranar kasuwar Bakori na ci ado, kuma ba don daddawar da na ɗauko ba. Na ɗaura zanen saƙina mai ratsin ja, na sa jigida, na cika hannu da warwaro, na ja kwalli har gefen ido. Sabon kitsona ko kwana bai yi ba, kan yana ta zafi amma ban damu ba. An ce ya dawo daga Zariya, inda yayarsa Laraba ta kai shi babban asibiti a jirgin ƙasa daga Funtuwa, ni kuwa na sa rai zan gan shi a gindin tsamiyar masu goro. Shi ban gan shi ba. Laraba ce ta kamo hannuna ta ja ni bayan rumfar masu tukwane.

"Yaya Laraba, lafiya? Ya jikin nashi?"

"Zauna tukuna."

"Ni dai faɗa mani a tsaye."

"Cikin ya tsaya. Sun ba shi ƙwayoyi, jinin ya ɗauke."

Na ce, "To ai shi ke nan!" Har na fara washe baki.

"Ba shi ke nan ba. Yanzu zuciyar ce."

"Zuciyar wa?"

"Tashi mana! Ta wa za ni ce?"

Ta ce tun a jirgi yake riƙe ƙirji. In ya kwanta rigingine sai ya ji kamar ana soka masa tsinke, sai ya tashi zaune ya duƙa gaba kafin ya samu sa'ida. Likita ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji, sannan ya yi magana tafinta ya juya musu. Wai ba atuni ba ne, ba kuma tsutsa ba ce. Hanjin ne ya kumbura ya yi miki daga ciki, wai jikinsa ne da kansa yake faɗa da hanjinsa. Kuma wai irin wannan kumburin ba kullum yake tsayawa a ciki ba. Wani ya fito masa a ido, wani a gaɓoɓi, wani kuma, wanda ba a cika gani ba, ya kama zuciya da 'yar jakar da take ciki. Na Ɗanasabe can ya tafi.

"Ya ce kada ya ɗaga ko tulu sai bayan kaka," in ji Laraba. "In ya matsa mata da aikin ƙarfi tana iya tsayawa, ko sallama babu."

"Gayya fa?"

"Shi ya sa na neme ki. Ya rantse da aradu sai ya yi. Ya ce in na faɗa ma wani, ba ni ba shi."

"To ni mi za ni yi?"

"Don ke zai yi, Marka. Ke za ki san yadda za ki yi."

Daddawar nan har yau ban san wanda na sayar wa ba.

Don Allah ku gaya mini, masu karatu, me ya haɗa hanji da zuciya? Da yamma aka yanka kaza a gidanmu, ni na fige ta na farke cikin. Na ja hanjin gefe guda, na ɗago 'yar zuciyar, na juya ta, na duba ko akwai wata hanya da ta haɗa su. Ban ga komai ba. Wannan yana ƙasa, waccan tana sama, kowa da wurinsa. Na tsaya ina ta kallo har ƙanwar Baba, Goggo Bilki, ta leƙo ta ce, "Ke, duba kike yi ko girki?" Sai na fara tunanin ko tafintan ne bai iya Turanci ba. Ko Laraba ce ta ƙara gishiri. Ko kuwa iyayensa ne suka hango wata yarinyar, suke neman hanyar zamewa. Na saƙa wannan na kwance, na saƙa wancan na kwance. Amma da na tuna idon Laraba sai na kasa yarda da ko ɗaya.

Mutum ɗaya ne zai iya ɗage gayya, shi ne Baba. Ni kuwa 'yar fari ce. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yi mini magana ido da ido ba, in zai ambace ni sai ya ce "waccan". Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar. Duk abin da zai tashi daga gare ni zuwa gare shi sai ya bi ta bakin Goggo. Don haka na same ta a ɗaki tana kaɗi, na durƙusa na zayyana mata komai, jinin, majinar, hanjin, zuciyar.

Goggo ta ajiye mazari ta riƙe baki.

"Ni za ni je gaban Yaya in ce mashi surukinshi na zawo da jini? Ke ba ki da kunya, ni ma sai ki kwashe mani tawa?"

"Goggo, rai ne fa."

"Na ji. Za ni faɗa mashi yadda ake faɗa ma manya."

Baba yana gindin rumbu yana gyara ƙotar garma ta same shi. Ni kuma na laɓe bayan danga, kunnena a jikin kara.

"Yaya, yaron nan na hayin rafi, an ce jikin ba daɗi."

"Mi ya same shi?"

"Ɗan ciki ne haka. Da ɗan ƙirji."

"Ciki? Wane ne ba ya ciwon ciki da damina? Sabon ruwa ne."

"An ce dai likita ya ce ya huta."

"Likita ya san noma? Zama ke kashe manomi. Ya yi zufa mai kyau, ciwon ya bi ta ya fita." Sai na ji Baba ya sassauta murya. "Bilki, ni yaron nan nike so ma waccan. Na gaji da surutun ƙannena. Za ni kira Maitama da gangarshi, in ce Sabo ma ya zo da garma, su jera. In yaron nan ya kai ƙarshen gona a gaban kowa, sai in ga mai sake buɗe baki."

Kun ji fa. Na aika a ɗage gayya, saƙona ya dawo mini da babban makaɗi da abokin gasa. Ga shi kuma ranar ce na fara jin cewa Baba yana son wanda nake so. Ban san ko murna zan yi ko kuka ba, sai na yi duka biyun a bayan danga, ina toshe baki da gefen zane.

Ana gobe gayya, da yamma, na ɗauki tulu kamar zan je ɗiban ruwa. Na same shi a gindin ɗorawar bakin rafi inda muka saba haɗuwa, zaune a kan saiwa, ya duƙa gaba ya ɗora hannuwa a gwiwa. Da ya hango ni ya yi maza ya miƙar da baya ya kama dariya.

"'Yan mata, irin wannan ɗaure fuska? Ko an ce maki na mutu?"

"Kada ka zo gobe."

"Laraba ko? Na san ba ta iya shiru."

"Kwanta rigingine in gani."

"Nan? A gabanki? Sai a ce na lalace."

"Ni dai kwanta."

Bai kwanta ba. Ya tsinko ciyawa ya sa a baki.

"Marka, cikin da ya kai ni asibiti ya tsaya. Tuwo nike ci kamar ba gobe. Wannan na ƙirji gajiyar jirgi ce. Ke kin taɓa jin inda zawo ya hau sama?"

Abin haushin shi ne, tambayar da ni ma nake yi wa kaina ke nan.

"In ban zo ba," ya ci gaba, "Sabo zai huɗe gonar babanki shi kaɗai, kina tsaye kina kallo. Haka kike so?"

"Ni da ranka nike son ka."

"Ni kau ba ni son ran in ba ke."

Wallahi maganar ta yi mini daɗi, kuma ta ba ni tsoro, duk a lokaci guda. Ya taso zai raka ni. Ba mu yi nisa da hawan gangaren ba na ji numfashinsa ya canza, ya tsaya ya dafa itace, ya ɗaga ƙafa yana dubawa, wai ƙaya ce ta soke shi. Na duba ƙafar nan tare da shi. Ba ƙaya.

Washegari tun rana ba ta fito sosai ba gangar Maitama ta tashi unguwa. Mata sun girke manyan tukwane a gindin kaɗanyar tsakiyar gona, ga tuwon dawa, ga miyar kuka, ga giya a randuna an rufe da faifai. Baba da ƙannensa da sauran dattawa suna zaune a kan tabarmi. Samari sun jera a bakin gona, kowa da warkinsa da garmarsa a kafaɗa. Ɗanasabe ne a farkon layi, ya shafa mai, ya ɗaura kambunsa a damtse, sai dai kambun yana ta zamewa ƙasa. Sabo na gefensa, ya cika warkinsa kamar buhun gero.

Maitama ya kaɗa, ya kwarara wa Ɗanasabe kirari, aka duƙa.

Ku ji ikon Allah, shi ne a gaba. Ƙasa tana tashi, kunyoyi suna miƙewa a bayansa ɗoɗar, ya kai ƙarshen layinsa ya juyo kafin Sabo ya kai. Baba yana gyaɗa kai yana kallon ƙannensa ta gefen ido. Ni kuwa sai na ji wani sanyi. Na ce ashe likitan ne bai sani ba. Ashe Baba ne da gaskiya, zufa ce maganin. Har na fara jin haushin Laraba da ta hana ni barci a banza.

Sai hantsi ya ɗaga. Na ga ya tsaya kamar yana gyara ƙota, ya jingina ƙirji da garma, ya daɗe fiye da yadda gyaran ƙota yake ɗauka. Da ya juyo wajenmu na ga leɓunansa sun yi fari-fari, zufar da ke zuba masa kuma ba irin ta sauran ba ce. Na waiga na ga Laraba a bakin murhu, ta saki muciya tana kallona.

A daidai nan Maitama ya sassauta kiɗa don a sha ruwa. A al'adarmu, yarinyar da ake gayya dominta ita take fara fitowa da farau-farau a sabuwar ƙwarya. Wanda ta fara miƙa wa, shi ta zaɓa, kuma duk wanda yake gonar shaida ne. Goggo ta ɗora mini ƙwaryar a hannu, ta gyara mini ɗaurin kallabi, ta ce, "Tafi a hankali, kada ki zubar."

Ina tafe ƙafata tana nutsewa a sabuwar huɗa, kaina kuwa yana ta juyawa. In na ba shi, zai sha ya ji ƙarfi ya koma ya ƙarasa kansa. In na hana shi fa? Na san shi da zuciya. Zai yi fushi, ya yar da garma, ya tafi gida ya kwanta. Ya yi fushin nasa da rai, daga baya in bi shi in yi masa bayani. A lokacin nan, masu karatu, gani nake yi ba a taɓa yin mai wayo kamata ba.

Ya miƙo hannu yana murmushi. Na wuce shi. Na durƙusa a gaban Sabo na ɗaga masa ƙwarya.

Sabo ya waiga bayansa, don shi ma ya ɗauka wani nake nufi. Da ya ga ba kowa sai ya karɓa ya kafa kai. Matan gidansu suka rangaɗa guɗa. Ƙannen Baba suka kama tafawa da juna. Ban iya kallon inda Baba yake ba.

Na jira in ji ƙarar garma ta faɗi ƙasa. Ban ji ba. Na ɗago ido na ga Ɗanasabe yana kallona, murmushin nan ya bushe masa a fuska. Ya tofa yawu a tafin hannu ya murza.

"Maitama!" ya yi kira. "Kaɗa mani! Kada ka sassauta sai na kai bakin gona!"

Maitama makaɗi ne, abin da yake jira ke nan. Ganga ta ɗau zafi. Ɗanasabe ya duƙa shi kaɗai, ko ruwa bai sha ba, ya dinga sara kamar wanda iska suka hau. Abokansa suna ihu suna zuga shi. Dattawa sun miƙe tsaye. Ni ce na yi wannan, ni da wayona. Na so in raba shi da garma, sai na ɗaure masa ita a hannu.

Ya kai tsakiyar gona ya yi tangaɗi. Ya dafe ƙirji da hannu guda, ya saki, ya sake ɗaga garma. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ku tsai da shi! Maitama, bar kiɗan nan! Zawo shike yi da jini tun rani! Hanjinshi ya yi miki, ciwon ya hau zuciyarshi ta kumbura! Likita ya ce in ya yi noma mutuwa zai yi! Baba, mutuwa zai yi a gonarka!"

Gangar ta ɗauke. Gona ta yi tsit, har ina jin tafasar tukunya daga gindin kaɗanya. A gaban surukansa na faɗa, a gaban abokansa, a gaban Sabo, a gaban 'yan matan unguwa biyu. Can baya wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Ɗanasabe yana tsaye a tsakiyar gona, garma a hannu, kansa a ƙasa. Na taɓa ganin an kama ɓarawon akuya a kasuwa, ko shi bai sunkuyar da kai haka ba.

Baba ya juya wajen Goggo.

"Bilki, wannan ne ɗan ciki?"

Goggo ta ja mayafi ta rufe baki.

Baba ya tuɓe rigarsa ya ajiye a kan tabarma. Ya taka huɗar nan a hankali har inda Ɗanasabe yake, ya miƙa hannu.

"Kawo."

"Baba, ina iyawa."

"Na ce kawo."

Ya ba shi. Baba ya duƙa, da furfurarsa da komai, ya kama daga inda Ɗanasabe ya tsaya, ba kiɗa ba kirari, ya nufi bakin gona. A garinmu ba a taɓa ganin uban yarinya ya ƙarasa wa mai neman 'yarsa aikin gayya ba. Nan take aka fara ƙus-ƙus. Wasu suna cewa ya ɗauke shi ɗa ke nan, wasu suna cewa sallama ce, ya nuna masa bai isa ba. Na kalli bayan Baba ko zan gane wanne ne, ban gane komai ba.

Laraba da wani abokinsa suka kama Ɗanasabe, ya duƙa a tsakaninsu yana jan numfashi guntu-guntu. Hanyar gidansu ta gabana ta bi. Da suka zo daidai inda nake ya tsai da su. Na buɗe baki zan ce masa ƙwaryar nan ba har zuci ba ce, ya riga ni, muryarsa can ƙasa.

"Marka, da kin bar ni na faɗi a gonar nan, da ya fi mani."

Suka wuce. Na bi shi da ido har ya gangara, har ya haye rafi da ƙafarsa da ransa, bai waiwayo ba. Ina nan tsaye na ji an dafa kafaɗata. Uwar Sabo ce, riƙe da sabuwar ƙwaryar nan, fuskarta cike da fara'a.

"Sannu, ɗiyata," ta ce. "Yaushe za mu zo gaisuwa?"